Kallon jirage da gajeren zango a Birtaniya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu tambaya kan yadda harkar jirgin sama take a nan Birtaniya, ga bayani.

A nan akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tsayawa bayan shingen filin jirgi suna kallon sauka da tashi. Da yawansu dattawa ne, da kujerar ninkewa da madubin hangen nesa da littafi, suna rubuta lambar kowane jirgi. Lambar tana jikin jirgin kusa da wutsiya, kuma farkonta ne ke faɗin ƙasar da aka yi masa rajista: G ta Birtaniya, 5N ta Najeriya, 5U ta Nijar, 9G ta Ghana, HZ ta Saudiyya. Ba wanda zai ce musu kanzil. A gida kuwa, wanda ya ɗaga kyamara kusa da filin Malam Aminu Kano, inda sojojin sama ke da sansani, sai ya shirya amsa tambayoyi.

Wurin da ya fi suna a Landan shi ne wani ɗan fili mai ciyawa kusa da filin jirgin Heathrow, a ƙarshen layin Myrtle Avenue, tafiyar mintuna kaɗan a ƙasa daga tashar Hatton Cross ta jirgin ƙarƙashin ƙasa na Piccadilly. Amma wanda ya je da ka zai iya dawowa bai ga komai ba. Jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska. Heathrow na da titin jirgi biyu, kuma da yake iskar ƙasar ta fi tasowa daga yamma, kusan kashi 70 cikin 100 na lokaci jirage suna shigowa ta saman Landan su sauka kan titi 27L (na hagu) ko 27R (na dama). Lambar alkibla ce, digiri 270, wato yamma sak; haka titin Kano yake 06 ta wannan baki, 24 ta wancan. Myrtle Avenue yana daf da bakin 27L ne kawai. Don a ba mazauna unguwanni hutun ƙara, da ƙarfe 3 na rana ake musanya titin sauka da na tashi, tsarin kuma yana juyawa duk mako. Wannan makon ka ga jirage da safe, mako mai zuwa sai bayan ƙarfe 3. Hukumar filin tana wallafa jadawalin shekara gaba ɗaya a intanet. Idan iska ta koma gabas, jadawalin ya tashi aiki. Masu tashi kawai za a gani sun riga sun yi sama.

Manhajar Flightradar24 tana nuna jirgin da ke tafe da inda ya fito. Mai kyamara ba ya buƙatar gilashi mai tsawo sosai a nan, milimita 70 zuwa 200 ya wadatar, rana kuma tana bayansa. Jirgi mai injin jet ana ɗaukar hotonsa da saurin kyamara 1/1000 na daƙiƙa. Mai farfela kuwa a sauko zuwa 1/250 ko ƙasa, in ba haka ba farfelar za ta fito a tsaye kamar injin ya mutu. Babu ban ɗaki ko rumfa a wurin, a yi alwala tun daga gida, a ɗauki rigar ruwa.

Manchester ta fi kula da masu kallo. Tana da Runway Visitor Park, da tuddai da aka tara don hango titi, da gidan abinci, da jirgin Concorde ɗaya cikin waɗanda aka daina amfani da su a 2003. Kuɗin ajiye mota ake biya.

Sakin da ake yi yana da iyaka. Haska jirgi da fitilar leza laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku shekara 5. Tashin jirgi mara matuƙi kusa da fili haramun ne, an kuma tsaurara bayan rahoton ganin irinsa ya tsayar da filin jirgin Gatwick a Disambar 2018. Sauraron rediyon hasumiya ma doka ta hana, ko da yake ana ganin masu yi. Kuma kada a ɗauka duk Turai haka take: a 2001 an kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 a Kalamata ta Girka bisa zargin leƙen asiri, alhali lambobi suke rubutawa.

Sai tafiya a cikin ƙasa. A gida muna hawa jirgi daga Kano zuwa Abuja ne saboda halin hanya. A nan jirgin ƙasa ne abokin gogayya. Landan zuwa Manchester awa biyu da 'yan mintuna ne a dogo, hawa jirgin sama ɓata lokaci ne. Edinburgh ce ake iya muhawara a kanta: kusan awa ɗaya da minti 20 a sama, kusan awa huɗu da rabi a dogo daga King's Cross. Idan aka haɗa tafiya zuwa filin jirgin Luton ko na Stansted da layin bincike da jira, tazarar ta kusa rufewa.

Farashin da ake gani a talla na kujera ne tsurarta. A Najeriya tikiti yakan zo da kaya kimanin kilo 20 da ɗan abin taɓawa. A nan kuwa, a kamfanin easyJet abin da ke kyauta ƙaramar jaka ce mai santimita 45 da 36 da 20, wadda za ta shige ƙarƙashin kujera. Akwati kuɗi ne, zaɓen kujera kuɗi, ruwan sha ma kuɗi. Jakar da ta ƙi shiga ma'auni a bakin ƙofa, tararta kan fi tikitin tsada. Ryanair na cajin wanda bai yi rajistar shiga ta waya ba. Mai tsaraba da yawa ya yi lissafi tukuna, sau da yawa British Airways ce ke fitowa da sauƙi.

Inda jirgi ya fi amfani shi ne tsibiran Sikotlan, hannun kamfanin Loganair. Tsakanin Westray da Papa Westray ƙasa da kilomita 3 ne, minti ɗaya da rabi a jadawali, cikin jirgi mai ɗaukar fasinja 8. A Barra kan yashin bakin teku ake sauka, lokacin tashi yana bin janyewar ruwa.

A ganina inda suka fi mu nesa shi ne jinkiri yana da farashi. A zango ƙasa da kilomita 1,500, bayan awa 2 kamfani zai ba da abinci. Idan an isa a makare da awa 3 ko fiye, diyyar fam 220 ce, sai dai in laifin yanayi ne ko wani abin da ya fi ƙarfin kamfani. Dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ita ma ta tanadi abinci da mayar da kuɗi, karɓar ce aiki. A nan fom ake cikewa a intanet.

Hazo kuwa ba na hunturun gida kaɗai ba ne. Idan ya rufe Heathrow ana rage yawan jiragen da ke sauka a awa, kuma gajerun zango ake fara sokewa. Mai tasowa daga Glasgow ko Belfast don kama jirgin Abuja ya sayi tikiti ɗaya da ya haɗa duka biyun. Idan daban-daban ya saya na farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa, sabon tikiti zai saya.