Raphinha ko Lamine Yamal: wa ya fi yi wa Barcelona aiki a kakar 2024/25?

Ɗan'uwa, ka tambaya a tsakanin Raphinha da Lamine Yamal wanne ya cancanci gwarzon Barcelona na kakar 2024/25, saboda musun ya hana ku tashi daga gidan kallo a Jekadafari. To ni dai Raphinha na ba, duk da na san yawancin matasan Gombe da ke yawo da rigar yaron nan Yamal ba za su ji daɗi ba.

Fara da ƙwallaye. Raphinha ya ci 34 a duka gasa, 18 daga ciki a La Liga, 13 a Gasar Zakarun Turai, inda ya yi kunnen doki da Guirassy na Dortmund a kan gaba. Yamal ya ci 18 gaba ɗaya, 9 kacal a La Liga, sai dai shi ya fi kowa bayar da ƙwallo a ci a gasar, har 13. Amma ba yawan ne ya ja ra'ayina ba, lokutan da Raphinha ya ci su ne. Ka tuna wasan Benfica na Gasar Zakarun Turai a Lisbon a watan Maris: an ba ɗan bayan Barcelona Cubarsí jan kati tun kafin a cika rabin sa'a, Barcelona ta koma mutum goma, ana ta yi mata ruwan hari, sai Raphinha ya tsinci ƙwallon da ɗan bayan Benfica ya bayar a kuskure, ya ɗaɗa ta daga wajen da'ira, aka tashi 1-0. A filin nan dai a watan Janairu shi ya ci ta biyar a ƙarin lokaci aka tashi 5-4. Bayern, wadda ta daɗe tana wulaƙanta mu, uku rigis ya zura mata. Real Madrid ta sha biyu daga gare shi, ɗaya da ƙafa ɗaya da kai, a wasan ƙarshe na Super Cup na Sifaniya a Jidda, ta ƙara shan biyu a wasan 4-3 na watan Mayu. Kuma wannan mutumin ne fa ake ta maganar a sayar a kawo Nico Williams na Athletic Bilbao kafin a fara kaka.

Akwai kuma aikin da ba a sa shi a bidiyon da ake turawa a waya. Salon koci Hansi Flick ya dogara ne da 'yan gaba su hana 'yan bayan abokan hamayya sakat, domin 'yan bayan Barcelona suna tsayawa kusan tsakiyar fili. Idan na gaba ya yi lalaci, ƙwallo ɗaya za a cilla a bayansu a gama da su. Raphinha ne ke jagorantar wannan gudun, tun daga busa ta farko har ta ƙarshe.

Yanzu hujjar masu Yamal, kuma hujja ce mai nauyi. Da yaron ya ji rauni a idon sawu a Nuwamba, Real Sociedad ta doke mu 1-0, Celta ta riƙe mu 2-2. Da ya sake jin rauni a Disamba, Atlético ta zo har gida ta ci mu 2-1. Raphinha yana cikin fili a duk wasannin nan. Dalilin kuwa a bayyane yake: idan Yamal ya karɓi ƙwallo a gefen dama, mutum biyu ko uku ne ke rufuwa a kansa, sai ɗaya gefen ya zama fili fetal, Raphinha ya kutsa ciki. Don haka wani kaso na ƙwallayen ɗan Brazil ɗin, yaron ne ya share musu hanya. Abin da ya yi wa Inter a wasan farko na daf da ƙarshe na Gasar Zakarun Turai, Inter na gaba da 2-0 ya yanke mutane ya murɗa ta ta bugi turke ta shiga, ba na jin akwai wani ɗan shekara 17 da zai iya. Shi ya ba Pedri da Ferran Torres ƙwallayensu a wasan ƙarshe na Copa del Rey, shi kuma ya buɗe ragar Espanyol ranar da aka ɗauki La Liga.

Idan baiwa ake tambaya, Yamal ne, ba musu. Amma kai ka ce gwarzon kakar, kuma a wannan kakar in wasa ya cije, sunan Raphinha ake gani a allo. Ko a wasa na biyu da Inter a filinta na San Siro, shi ya ci ta uku a minti na 87, ta Yamal ta bugi turke, daga nan Acerbi na Inter ya farke. Pedri kuwa, da ka sa shi a tambayar, da sai na sake lissafi tsakaninsa da Yamal a matsayi na biyu.