Sayar da gyaɗa ɗanya ko a matse ta a gida?

Duk kaka sai mun yi wannan gardamar da yayana. Shi dai da an tuge gyaɗa an ɓare, buhu kawai zai ɗinke ya kai kasuwar Dawanau da ke Kano ya karɓi kuɗinsa a dunƙule, babu hayaƙi babu ciwon baya. Kuma gaskiya yana da hujja, gyaɗa in ta kwana a ɗaki mai laima sai ta yi fumfuna ta yi ɗaci, wannan kuwa guba ce ga mutum da dabba. Matsalar dai lokacin kaka kowa ya kawo tasa, farashi a ƙasa yake.

Ni kam ina bayan Inna wallahi. Ita soyawa take yi, a murje, a kai inji a markaɗa, a dinga juyawa ana ɗan zuba ruwan zafi har mai ya tsatso, to ka ga kwalaben man gyaɗa kenan, tunkuzar da ta rage kuma a mulmula a soya ƙuli-ƙuli, masu tsire su saya su yi yaji, a daka a zuba a kwaɗon zogale ko rama, ga markaɗaɗɗiyar da ake ɗiba tun farko saboda kunun gyaɗa na azumi da miyar taushe. Aiki ne fa, ga itace ga kuɗin inji, amma kuɗin na shigowa kaɗan-kaɗan har damina.

Harawa ce kawai ba ma musu a kanta, a kan rufin ɗaki take zama, raguna su ci da rani.