Wata 9 da aparai, ƙarfen tallafa wa gwiwa, a ƙafar hagu: abin da na gani

Shan inna ta kama ni ina ɗan shekara 3, ta tafi da naman gaban cinyata ta hagu. Mai irin wannan ƙafa, jikinsa da kansa ke koya masa dabara: ya tura gwiwa baya har ta kulle, sannan ya ɗora nauyi. Shekara 40 na yi ina tafiya haka. Jijiyoyin bayan gwiwa ne ke shan wahalar, suna saki kaɗan-kaɗan, har ƙafar ta lanƙwashe baya kamar baka. Ni tela ne a babbar kasuwar Garwa a Kamaru, kuma da ciwo ya kai ban iya tsayuwa a teburin yanka, sai na fara neman abin ɗaurawa.

Safar gwiwa ta roba da ake sayarwa a famasi na fara saya. Tana ɗumama wurin, shi ke nan. Asarar kuɗi.

Na biyu shi ne wanda ake kira kejin Suwidin, wani ɗan'uwa ya kawo mini daga Yawunde. Gajere ne, maɗauri ɗaya a gaba sama da gwiwa, ɗaya ƙasa da ita, na uku a lungun baya yana tura ta gaba. Ba nauyi, kuma yana shiga ƙarƙashin wando. Amma ƙafar da inna ta sha siririya ce, babu tsokar da za ta riƙe shi. Kafin in isa bakin titi daga gidanmu a Yalwa ya zame, sai in raɓe gefe ina gyarawa. Ga wanda lanƙwasarsa kaɗan ce zai yi amfani. Tawa ta wuce nan.

Wanda nake sanye da shi yanzu dogo ne, daga cinya har tafin ƙafa. A wurin da ake haɗa ƙafafun roba aka naɗe ƙafar da filasta, aka fitar da siffarta, aka gasa roba mai tauri a kai, aka kafa sandunan ƙarfe biyu a gefe. Zancen duk yana wurin gaɓar gwiwa. Akwai mai makulli, zobe ne da ke faɗowa ya kulle, ka yi tafiya da ƙafa a sandare, in za ka zauna ka ja shi sama. Akwai kuma wadda aka ja ƙusarta baya kaɗan: tana lanƙwasuwa in ka ɗaga ƙafa, in ka taka nauyinka ne ke riƙe ta a miƙe, kuma tana da matsaya da ke hana ta wucewa baya. Ita aka sa mini, domin ƙuguna na da sauran ƙarfi.

A nan muka ɗan ja da mai haɗawar. Ni so nake a miƙe ƙafar sar, irin ta kowa. Ya ce: “Malam, in na miƙe ta duka, yau za ka sha ƙasa. Wannan komawa bayan ita ce makullinka.” Ya bar mini kamar digiri 5 na komawa baya. Raina bai so ba, amma da gaskiyarsa. Ranar gwaji da ya rage fiye da haka, taku uku na yi gwiwar ta durƙushe gaba, Allah ya sa akwai sandunan dafawa.

Ciwon bayan gwiwa ya ragu sosai cikin mako 3. Ina tsayuwa in yanke yadi 10 a jere. Hawa moto ba matsala, tunda gaɓar na lanƙwasuwa da kanta.

Laifinsa kuwa, zafi. A watan Afirilu ma’aunin Garwa na wuce 40, roba ba ta shan iska, gumi ya taru, fata ta yi ƙuraje. Na ɗinka wa kaina dogayen safa na auduga guda 4 ina sauyawa da azahar, na kuma sa aka ƙara huda robar. A makon farko gefenta ya ci mini ƙashin da ya fito a wajen gwiwa har ya yi ciwo. Da ma inna ba ta kashe ji, don haka na gane da wuri, amma sai da na koma sau biyu kafin a dumama wurin a buɗa shi. Takalmi sai da na ƙara lamba ɗaya, silifa kuwa mun rabu. Ƙurar hunturu na shiga gaɓar ta riƙa ƙara, ɗigon man keken ɗinki ke kashe ta. Sujada ina yi, zaman tahiya ne ya gagara, sai in miƙe ƙafar gefe a ƙarshen sahu.

Mai haɗawar ya nuna mini hoton wani aparai na kabon, wani abin haɗi mai ƙarfi mara nauyi. Na tambaye shi wa zai gyara in ya tsage, ya yi dariya. Nawa da maɗaurinsa ya tsinke, badukun da ke layinmu ya sake shi da fata cikin awa ɗaya.

A ɗakin jira na lura duk masu shan inna manya ne, wasu da furfura. Tun 2014 rabon Kamaru da asalin ƙwayar cutar, a 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Wani dattijo daga Marwa da ke kusa da ni ƙarfensa mai makulli ne, irin na dā, da fata da komai. Ya taɓa nawa, ya lanƙwasa gaɓar sau biyu, ya ce shi dai a bar masa zobensa.