Gidan Haya a Ingila: Zaɓen Mai Binciken Wayarin da Ƙararrawar Hayaƙi

Tun daga 1 ga Afrilu 2021 doka ta wajabta wa duk mai bayar da gidansa haya a Ingila ya sa ƙwararre ya binciki wayarin gidan aƙalla sau ɗaya cikin shekara 5, ya kuma miƙa wa ɗan haya rahoton, wanda ake kira EICR, cikin kwana 28. Abin da ya rage wa mai gida shi ne zaɓen wanda zai ba aikin da irin ƙararrawar da zai kafa.

Akwai kamfanonin da ke yanka farashi ɗaya mai rahusa ga kowane gida, akwai kuma ma'aikatan lantarki da sai sun tambayi yawan layukan wutar gidan kafin su faɗi kuɗi. Na biyun sun fi kwantar mini da hankali, domin bincike na gaskiya yana buƙatar a kashe wuta, a buɗe akwatin fis, a gwada kowane layi da na'ura, kuma hakan yakan ɗauki sa'o'i. Araha ba ta ado, musamman da yake mai rahusar yana iya fanshe kuɗinsa ta hanyar gyare-gyaren da zai jero. Saboda haka ya kamata mai gida ya fahimci alamomin rahoton: C1 hatsari ne na nan take, C2 abu ne da zai iya zama hatsari, FI na nufin a ƙara bincike, kuma waɗannan ukun dole a kula da su cikin kwana 28, ko ƙasa da haka idan rahoton ya ƙayyade. C3 kuwa shawara ce ta ingantawa, ba ta sa gida ya faɗi binciken. Ba dole ne wanda ya yi binciken ya yi gyaran ba, don haka ana iya jin farashin wani. Rajista da NICEIC ko NAPIT, ƙungiyoyin da ke tantance ma'aikatan lantarki, ita ce hanya mafi sauƙi ta tantance ƙwarewa.

Game da ƙararrawa, doka tana son ɗaya a kowane hawa da ake zama a cikinsa, a kuma tabbatar tana aiki ranar da haya ta fara. Wanda ya ƙi bin umarnin ƙaramar hukuma na iya biyan tarar da ta kai har fam 5,000. Tsohuwar ƙararrawar nan mai ɗauke da wani sinadari da ake kira amerisiyam tana saurin jin wuta mai harshe, amma ƙaurin girki kaɗan yakan tayar da ita. Wadda ke gane hayaƙi ta hanyar haske ta fi dacewa da falo da matakala, domin tana kama wutar da ke ci a hankali cikin kujera ko waya. A kicin ƙararrawar zafi ake sawa.

Batun batir ne ya fi damuna. Mai batirin da ake cirewa ta fi araha, sai dai ɗan haya da ƙararta ta dame shi cikin dare yakan zare batirin ya manta. Mai batirin da aka like na shekara 10 ta toshe wannan kafa ba tare da aikin waya ba. Gidan bene kuwa, ko wanda mutane da yawa suke rabawa, ya cancanci masu haɗe da wutar gida da kuma juna, waɗanda Sikotilan ta wajabta haɗa su da juna tun Fabrairun 2022, ta yadda idan ta ƙasa ta ji hayaƙi mai barci a sama zai farka.