Injin lantarki na ƙaramin kwale-kwale: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wanda ya haɗa kwale-kwalen katako mai tsawon mita 3 zuwa 4 don kamun kifi a kududdufan kuza na wajen Rayfield ko a dam ɗin Lamingo a Jos, inji iri uku zai ji ana yi masa talla. Na farko shi ne haɗin gida, wato injin waifa ko na fankar lagireton mota da ake tsinta wurin 'yan kayan gyara a Dilimi. Na waifa ba ya juyawa da sauri, na fanka kuma ba a yi shi don shiga ruwa ba, kada ka ɓata lokacinka. Na biyu manyan nan ne irin su Torqeedo da ePropulsion masu zuwa da batirinsu. Aiki kam suna yi, amma kuɗin ɗaya ya ninka na kwale-kwalen sau da yawa.

Na uku, wanda nake ba kowa shawara, shi ne injin da ake maƙalawa a bayan jirgi, mai doguwar sanda da farfela a ƙasa, irin na Minn Kota ko Haswing, mai volt 12. Ƙarfin turawarsa da fam ake auna shi, wato ma'aunin nauyin nan da ake rubutawa lb: 30, 40 ko 55. Ƙa'idar ita ce fam 2 ga kowane kilo 45 na nauyi. Jirgi da mutum biyu da batir da kaya su kai kilo 270, ka ga a lissafi fam 30 ma ya yi yawa. Sai dai lissafi bai san iskar hunturun Jos ba. Ɗauki fam 55 ka riƙa tafiya da rabin ƙarfi, sauran ka ajiye don ranar da iska ta juyo maka ta gaba. Gudunsa ba zai wuce kilomita 5 zuwa 6 a awa ba, kuma ƙarin ƙarfi ba ya ƙara wa gajeren jirgi gudu sosai. In da hali, nemi mai hannu da ake murzawa a hankali, wanda ake kira PWM. Mai giya biyar gaba uku baya, in ka rage gudu, wani kaso na wutar zafi kawai yake zama. Farfela ta nutse kamar santimita 30, in ba haka ba sai ta riƙa shan iska tana kumfa. Katakon bayan da za ka ɗaure injin kuwa ka ninka shi biyu.

Batir ne inda ake kuka. Fam 55 a cikakken gudu yana jan kusan amp 50. Batirin mota ba na wannan aiki ba ne, 'yan zuƙewa kaɗan ya mutu. Na inbata mai ruwa yana kai kilo 60, ga asid da zai zube in jirgi ya karkata. Busasshen batirin sola mai 100Ah yana da kilo 28 zuwa 30, rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, wato awa ɗaya a cikakken gudu. Batirin litiyam irin LiFePO4 mai 100Ah kilo 12 ne ko kusa, yana ba da kusan awa biyu, ana cajinsa sau dubbai. Shi ne zaɓi, muddin allon kariyar da ke cikinsa, mai katse wuta in an ja ta fiye da kima, yana ɗaukar amp 100.

To, a nan jabu ya yi katutu. Kada ka yarda da takardar da aka manna, tafi da sikeli. Batirin dalma da aka rubuta 100Ah ya auna kilo 18, ƙarya ce. Wasu ma an ƙara musu nauyi da yashi, don haka sikeli kaɗai bai isa ba. Cika shi da caji, ka jona ƙwan fitilar mota mai wat 55. Litiyam na gaskiya zai riƙe shi kusan awa 20. Ku yi yarjejeniyar mayarwa da mai shago kafin ka biya, a rubuce. Inji kuma in ka ga an rubuta fam 86 a kan volt 12, ajiye musu kayansu, wannan ƙarfin na volt 24 ne. Inji na hannu kuwa, a gwada shi cikin durom, a kwance farfela a duba. Zaren fatsa da ya naɗe a bayanta yana yanka robar da ke tare ruwa, kuma da ruwa ya shiga inji, tsatsa ta gama da shi.

Waya ma ana cuta. Kana buƙatar mai kauri 10mm², ko 16mm² in batir yana can gaban jirgi. Kankare ta da wuƙa, in cikinta fari ne, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, za ta yi zafi ta cinye maka wuta. Sa fiyus mai amp 60 dab da kan batir na ja, ka ɗaure batirin cikin akwatin roba a tsakiyar jirgi. Kududdufan kuza suna da zurfi tun daga baki, ga sanyi, saboda haka kuɗin rigar kariya ta kowane mutum da filafili biyu su shiga cikin kasafin tun farko.