Wata takwas ina amfani da lensin shif wajen ɗaukar gine-ginen ofis, ga abin da na gani

Jama'a tun da na fara ɗora hotunan benaye ake ta tambayata wai me nake yi ginin yake fitowa a miƙe cir, wasu ma sun ɗauka Photoshop ne. Toh bari in yi bayani gaba ɗaya in huta: aikin lensin shif ne, wato lensin da gilashinsa yake zamewa sama, ƙasa ko gefe ba tare da an motsa kyamara ba. Ba zan ambaci kamfanin da ya ƙera nawa ba don kar a ce talla nake, kuma dama duk irinsu aikinsu ɗaya ne. Nawa 24mm ne, na hannu na saya, yana zamewa milimita 12 kowane ɓangare, kyamarata kuma mai cikakkiyar sensa ce, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta milimita 36 da 24 ne.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin dogon bene ya ɗaga waya ya ƙyasta ya san ciwon, ginin sai ya fito kamar zai kishingiɗa ta baya, ƙasa fankameme sama tsukakke. Laifin ɗaga kan kyamarar ne. Muddin sensa ba ta tsaya daidai wa daida da fuskar ginin ba dole layukan su nemi haɗewa a sama. In kuma ka ƙi ɗagawa ka riƙe ta a miƙe sai ka samu rabin hoton kwalta ce da tayoyin mota, kan ginin ya yanke. Shi wannan lensin dabararsa ita ce da'irar hasken da yake jefawa ta fi sensar girma sosai, lensi na yau da kullum abin da zai rufe kusan milimita 43 kawai yake bayarwa, shi kuwa ya haura 60, sai ka bar kyamarar a miƙe ka murɗa wani ɗan maɓalli gilashin ya zame sama, kwaltar ta fice kan ginin ya shigo. Ranar farko da na gani a allo wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Kuma ba sabon abu bane, Nikon ta fitar da irinsa tun farkon shekarun 1960, Canon ta kawo mai zamewa da karkata a 1973, kafin nan ma manyan kyamarorin da ake lulluɓa da baƙin ƙyalle haka suke aiki.

Inda na gwada shi da gaske shine wani mako da na yi a Landan, unguwar bankuna, don a can tsoho da sabo kafaɗa da kafaɗa suke. Na fara da Royal Exchange, ginin 1844 mai ginshiƙai takwas a gaba, da sassaƙen mutane a can saman ƙofa. Akwai fili a gabansa, na kafa mai ƙafa uku, na saita ma'aunin ruwa har ɗigon ya zauna tsakiya, na zame lensin kamar milimita takwas. Kai, ginshiƙan nan suka tsaya ƙyam kamar sojoji a fareti, ga dogayen benayen gilas sun leƙo ta bayansa su ma a miƙe. Don in tabbatar wa kaina sai na cire shi na sa lensina na da, na ɗaga kai na ɗauka, da dare na gyara a manhajar Lightroom na jera su biyun. Daga nesa ba ka bambancewa, gaskiya kenan. Amma da na zuƙo saman, a wanda manhaja ta gyara fuskokin sassaƙen sun yi laushi kamar an shafa musu man shafawa saboda an ja hoton an buɗa shi, kuma gefe da gefe an yanke min wajen da nake so, har fitilar titi ɗaya ta tafi. Na shif ɗin kuwa har ninkin rigunan da aka sassaƙa kana gani. Tsofaffin gine-gine adonsu a sama yake taruwa, bakin rufi, kan ginshiƙi, rubutun da aka tona a dutse, daidai wurin da manhaja ta fi ɓatawa. A nan ne na yarda kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai na shiga lungunan da ke wajen ginin Lloyd's, nan fa aka koya min hankali. Ginin 1986 ne da mai zanen gini Richard Rogers ya zana, wanda ya fito da hanjin gini waje, bututu, matakala, lif-lif na gilas duk a jikin bango suna sheƙi, kuma ta titin Leadenhall an bar tsohuwar ƙofar dutse ta ginin 1928 tana tsaye a gabansa. Hoton da nake mafarki kenan, ƙofar da ƙarfen a firam ɗaya. Amma titi matsattse, na ja baya har gadon bayana ya taɓa bango, na zame lensin har ƙarshe, kan ginin bai shigo ba. Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin in saya. In kyamara a kwance take, rabin tsayin sensa milimita 12 ne, ka ƙara 12 na zamewa ya zama 24, daidai da 24mm na lensin, ma'ana iya nisan da ka ja baya iya tsayin da za ka kama. In ka tsayar da ita 18 da 12 ya zama 30, kowace mita ɗaya ta ja da baya tana baka mita ɗaya da kwata. Bene hawa takwas wasa ne. Amma 30 St Mary Axe da ake wa laƙabi da Gherkin mita 180 ne, kana buƙatar mita 144 fili fetal tsakaninka da shi, ina za ka samu wannan a tsakiyar birni? Mai 17mm zai rage maka zuwa mita ɗari da 'yan kai, shi ma ba kullum ba.

Shi Gherkin ɗin ma wani abin dariya, babu miƙaƙƙen layi a jikinsa da za ka gyara, kamar harsashi yake, sai dai tsohon cocin da ke kusa da shi da fitilun titi su nuna maka ko ka daidaita. Maƙwabcinsa kuma Leadenhall Building mai mita 225 da gangan aka karkatar da fuskarsa ɗaya don kar ya tare wa mutane hangen ƙubbar cocin St Paul's. Wani abokina da ya ga hoton cewa yayi ai lensin naka bai yi aiki ba, nace masa a'a, haka ginin yake.

Wani abu da ba wanda ya gaya min, in ka miƙar da dogon bene ɗari bisa ɗari sai ido ya ga kamar kan ya fi gindin faɗi, kamar zai rufto maka. Yanzu in ginin ya yi tsayi da yawa ina ɗan ɗaga kyamarar kaɗan, ɗan mitsitsi, in bar layukan su ɗan matso, sai ya fi kama da yadda mutum yake gani.

Abin da ya fi burge ni a benayen gilas ba ma zamewar sama bace, ta gefe ce. Kana son ɗaukar ƙofar shiga fuska da fuska amma ga ka nan a cikin gilashin da jakarka da mai ƙafa ukunka. Sai ka matsa taku biyu gefe, ka juya lensin ka zame shi ta ɗaya ɓangaren, ƙofar ta dawo tsakiya a miƙe, kai kuma ka ɓace. Haka kuma ina ɗaukar uku, sama tsakiya ƙasa, ba tare da na taɓa kyamarar ba, in haɗe su a kwamfuta su zauna lafiya lau.

Wahalarsa fa, babu fokos na kai-da-kai, da hannu za ka murɗa kana zuƙowa a allo kana dubawa, in idonka ya fara gajiya za ka ji a jikinka. In ka zame har ƙarshe kusurwoyi suna yin duhu kuma kaifinsu yana raguwa, dole in tsuke ƙofar shigar haske zuwa f/8 ko f/11, haske ya ragu, wanda ke nufin mai ƙafa uku ya zama wajibi. Kuma mai ƙafa uku kiran masu gadi ne. A gaban wani bene ban gama buɗe ƙafa ta biyu ba wani bawan Allah ya fito cikin ladabi yace filin nan na masu ginin ne sai da izini, na koma kan hanyar jama'a, taku goma kacal amma hoton da na tsara ya rushe. Sannan akwai ɓangaren karkatawa da ke jikin lensin, ni a aikin gini kusan ban taɓa buƙatarsa ba, illa ma ya ja min asara, wata safiya na manta ban kulle shi ba ya ɗan goce, duk hotunan ranar sama garau ƙasa dishi-dishi, ban lura ba sai da na koma masauki. Laifina ne, tun ranar nake duba makullin kafin komai.

Lokaci kuma lensi ba ya saya maka shi. Dutse yana son ranar safe mai zuwa a kaikaice ta fito da inuwar sassaƙa. Gilas kuwa da rana madubi ne kawai, sai bayan faɗuwar rana, 'yan mintocin nan da hasken cikin ofis ya yi daidai da na sama, sannan ginin yake buɗewa ka hango hawa-hawa da tebura a jere. Na yi wayo na fita ran Lahadi don babu cunkoso, na samu titi wayam amma rabin ofisoshin a kashe. Ranar aiki cikin hunturu ta fi, a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi a can, mutane na kan kujerunsu fitilu duk a kunne.

In waya ce ko Instagram iyakarka, ka bar kuɗinka, gyaran manhaja ya ishe ka, ka dai bar sarari a gefe saboda yanka. In kana bugawa babba ko kana yi wa masu zanen gini aiki, musamman tsofaffin gine-gine, ni dai ba na fita babu shi yanzu. Wanda zai saya ya fara aro ko haya na kwana biyu, ya je titin da ya fi ɗauka ya auna taku nawa yake iya ja da baya kafin ya zaɓi 24 ko 17. Ni da na yi haka da 17 na ɗauka, har yanzu hoton ƙofar Lloyd's ɗin nan da kan ginin a yanke yana nan a kwamfutata na kasa gogewa.