Na hau jirgin Natchez a New Orleans, ga yadda na gan shi

Wallahi da farko ban so zuwa ba, ƙanina da ke karatu a can ne ya matsa wai Yaya ba za ka zo New Orleans ka koma ba ka hau jirgin tururi a kogin Misisipi ba. To na bi shi. Yawon wajen awa biyu ne, a gangara ƙasan kogi a juyo, ana kiɗan jaz ana ba da tarihin wuraren da ake wucewa, har filin Chalmette inda Amurka ta gwabza da Ingila a 1815.

Shi jirgin ba tsoho ba ne sosai, a 1975 aka ƙera shi, amma injinsa na 1925 ne da aka ciro daga wani tsohon jirgi, kuma da tururi yake aiki da gaske ba ado ba. Ana barin mutum ya sauka ɗakin injin, nan na fi daɗewa, ga zafi ga ƙarafa sai kai da komo suke suna juya ƙatuwar jar tayar nan ta baya mai dukan ruwa. Duk wanda ya taɓa zama garejin kanikawa zai ji daɗin wurin.

Amma abin da ya tsaya min a rai labarin Kyaftin Thomas Leathers ne, mutumin Kentucky da aka haifa a 1816, wanda ya yi ta ƙera jirage ɗaya bayan ɗaya duk yana sa musu suna Natchez, wannan na yanzu sunan ya gada. Auduga da fasinja yake ɗauka, kuma kar mu ɓoye, audugar nan kafin yaƙin basasa bayi baƙar fata ne ke noma ta, shi kuma ɓangaren Kudu masu riƙe da bayi ya mara wa baya a yaƙin, don haka ba waliyyi ba ne. A 1870 ya yi tsere da jirgin Robert E. Lee na Kyaftin John Cannon daga New Orleans zuwa St. Louis, Cannon ɗan wayo ya rage kaya ya ƙi tsayawa tashoshi, har itacen wutarsa a tsakiyar kogi aka miƙa masa ana tafiya, ya isa cikin kwana 3 da awa 18 da minti 14, shi kuwa Leathers hazo ya tsare shi ya iso bayan wasu awanni. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa kan wannan kogi mai cin jirage, ka san me ya yi ajalinsa a 1896? Keke. Mai keke ne ya buge shi a titi. Allah mai iko.

Ɗansa Bowling ya gaji sana'ar, matar ɗan kuma Blanche ta samu lasisin kyaftin a 1894 ta riƙa jan jirgin da kanta, a zamanin da mace ko ƙuri'a ba ta jefawa a yawancin Amurka. Ƙanina sai dariya yake wai ka ga surukar arziki.

Batun abinci, mu tikitin yawo kawai muka saya, don girkin garin gaba ɗaya irin su gumbo da jambalaya sau da yawa akwai naman alade ciki, in za ka ci ka tambaya tukuna. Ka je da wuri ka samu kujera a sama wajen iska, ka riƙe hula da ruwa in lokacin zafi ne, garin akwai gumi kamar Legas. Ni dai kuɗina bai tafi a banza ba, in na dawo da yara zan zo.